Linzamin murya yana hannun ƙwaƙwalwa

A bikin ɗiyar maƙwabcinmu, nan unguwar Zariya cikin Maradi, an ɗauko wata zabiya da ƴan amshinta huɗu. An kafa manyan lasifikoki biyu suna kallon jama'a, aka aje wata ƴar ƙarama a gaban mawaƙan don su riƙa jin kansu. Ana tsakiyar waƙar amarya sai ƙaramar ta ɗauke. Manyan na ta ruri, ga kalangu, ga guɗa, ga injin wuta yana ƙugi a bayan rumfa. Ba a yi baiti biyu ba amshi ya wargaje. Wannan ta haura, waccan ta yi ƙasa, autarsu kuwa ihu kawai take zubawa, jijiyoyin wuya sun tashi ruɗu-ruɗu. Ita zabiyar, wadda ta ba hamsin baya, ko gezau. Yatsa ta sa ta toshe kunnen hagu, ta ci gaba a kan karinta har aka gyara waya. Da aka tashi na ji tana yi musu faɗa a gindin mota: "Ku ɗiyan nan da kunne kaɗai kuke waƙa. In kunne ya ɓace muku, ku nemi waƙar cikin wuyanku, tana nan."

Ba ta taɓa shiga ajin likitanci ba, amma abin da ta faɗa a tsaye shi masu binciken ƙwaƙwalwa suka kwashe shekaru suna aunawa da na'ura. Mukan ce wane yana da murya, kamar wani abu ne da aka ajiye masa a maƙogwaro tun ran suna. Maƙogwaro kuwa ɗan aike ne. Yawancin abin da muke kira gwanintar murya aikin ƙwaƙwalwa ne da jijiyoyin da ke kai saƙonta su komo mata da labari. Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa ta jini, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, da farar nan mai kai saƙo. Ta ƙarshen nake nufi, in ba na ce ta jini ba.

Taɓa zakaran wuyanka. Guringuntsi ne, a bayansa kuma akwai wasu ƴan leɓɓa biyu na tsoka da tantani, kwance daga gaba zuwa baya a bakin hanyar iska. Malaman nazarin sautin Hausa suna ce musu tantanin maƙwallato. Na namiji baligi tsawonsu milimita 17 zuwa 25 ne, na mace bai kai haka ba; duka-duka gaɓar yatsa guda. In kana numfashi a buɗe suke. In za ka yi sauti sai su haɗu, iskar huhu ta tura su su rabu, su sake haɗuwa, kamar karan bakin algaita. A maganar namiji hakan na faruwa wajen sau 120 a sakan guda, a ta mace wajen sau 200 ko fiye, mawaƙiya mai siririyar murya kuwa in ta kai ƙololuwa tana iya wuce sau 1,000. Tsakanin sauti ɗaya da na kusa da shi a kan fiyano bambancin kashi 6 ne cikin 100, kunnen mai sauraro kuma yana kama kaucewar da ba ta kai haka ba.

Mai goge yana kallon tsarkiyarsa, yana ganin inda yatsa zai sauka. Mawaƙi bai taɓa ganin kayan kiɗansa ba. Sai a 1854 wani malamin waƙa ɗan asalin Sifaniya, Manuel Garcia, ya sa madubin likitan haƙori a ƙuryar bakinsa, ya haska da rana ta wani madubin, ya ga nasa leɓɓan suna motsi. Har yau ba wanda zai ce maka ja tsokar kaza ta maƙogwaro ka iya ja, yadda kake lanƙwasa yatsa. Sautin kake nufa a ranka, sauran aikin a ɓoye ake yinsa.

An taɓa zaton ƙwaƙwalwa ce ke buga kowace kaɗawa da saƙonta na musamman. Wani masani Bafaranshe, Raoul Husson, ya kawo wannan ra'ayi a 1950, ya yi tashe, amma bai daɗe ba. In aka ciro maƙogwaro daga gawa, ba jijiya ba ƙwaƙwalwa, aka haɗa leɓɓan aka hura iska, sauti yake yi. A 1958 Janwillem van den Berg na ƙasar Holan ya tsara bayanin da ake kai har yau: iska da taushin nama su ke yin kaɗawar, ƙwaƙwalwa saiti take yi. Duk wanda ya tsaya kusa da makaɗin kalangu ya ga misalin. Fata ce ke amo, amma hammata ke matse igiyoyi sauti ya haura, a saki ya sauko. Akwai wata ƴar tsoka a gaban maƙogwaro da ke karkata guringuntsin, leɓɓan su miƙe su yi tauri, murya ta haura. Wata kuma a cikin leɓɓan kansu take, in ta ɗaure sai su gajarce su yi kauri, murya ta cika. Waƙa duk ja-in-ja ce tsakanin waɗannan biyu, ana daidaita su da ƙarfin iskar da ke tahowa.

Hanyar da saƙon ke bi abar mamaki ce. Jijiyoyi 12 ne a kowane gefe ke fitowa ta ƙofofin ƙoƙon kai. Ta goma ana ce mata bagus, kalmar Latin mai ma'anar mai yawo, don ta ratsa wuya ta shiga ƙirji ta kai har hanji. Ita ke rage gudun zuciya, ita ce kuma uwar murya. Reshenta na sama yana zuwa kai tsaye ga tsokar nan mai haurar da murya, shi ke kuma ɗauko labarin abin da saman maƙogwaro ke ji. Ɗaya reshen, mai riƙe da sauran tsokokin ciki duka, sai ya wuce maƙogwaro kamar bai gan shi ba, ya gangara ƙirji. Na hagu ya zagayo ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya, na dama ya zagayo wadda ke kai jini hannu, sa'an nan su juyo su hauro. Kamar mai zuwa Tibiri daga Maradi ya ce sai ya bi ta Ɗan Isa. A jikin raƙumin dawa, irin na Kure da waɗanda aka kai gandun Gadabeji a 2018, wannan zagaye ya haura mita 4. A mutum na hagu ya ɗara na dama da kusan santimita 10, abin da ya ƙara karya Husson: da jijiya ke buga kowace kaɗawa, da leɓen hagu kullum a makare yake. Tun ƙarni na 2 Jalinusu, likitan nan da malaman ɗibbu suka sani, ya nuna aikin wannan reshe a birnin Rum. Alade yana ta kururuwa, ya yanke jijiyar, dabba na numfashi tana shure-shure amma tsit.

Zagayen nan yana da sakamako a gadon likita. Duk abin da ya danne jijiyar a ƙirji yana iya dishe murya alhali maƙogwaro lafiya lau: ƙari a huhu, kumburin babbar jijiyar jini, har kumburin wani sashe na zuciya. Ƙurar hunturu tana dishe mu duka, amma tata ba ta daɗewa. Dishewar da ta wuce mako uku zuwa huɗu ta fi ƙarfin zuma da citta da kanumfari, ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce. Sai kuma maƙoƙo, wanda ba baƙo ba ne a ƙauyukanmu. In za a yi aikinsa, rassan biyu suna bi ta jikin abin da ake cirewa, don haka likitan tiyata kaffa-kaffa yake yi da su. In na ƙasa ya taɓu kowa zai ji, murya ta koma huci. In na sama ne, mutum na iya yin hirarsa ba a gane komai ba, sai ya tashi haurawa ya ji an rufe masa ƙofa. An yi wa shahararriyar mawaƙiyar Italiya Amelita Galli-Curci aikin maƙoƙo a 1935, muryarta ba ta komo yadda take ba, har likitoci suka laƙaba wa reshen na sama sunanta. Ladan ko mawaƙi ko mai jan baƙi da za a yi wa aikin wuya, ya faɗa wa likita sana'arsa tun kafin a shiga ɗaki.

Numfashi ma masu iko biyu gare shi. Wanda kake yi yanzu, sau 12 zuwa 20 a minti, gindin ƙwaƙwalwa ke gudanar da shi ko kana barci. In za a yi waƙa sai samanta ya karɓi linzami: a ja iska da sauri, a sake ta a hankali. Wahalar a sakin take. Huhu cike so yake ya fesar da iskar gaba ɗaya, don haka a farkon baiti tsokokin jan numfashi ne ke riƙe da birki, in iska ta yi ƙasa kuma na ciki su shiga matsawa, don ƙarfin ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai jan baƙin da ke ɗauke doguwar aya da numfashi guda, ya ja madda bai girgiza ba, wannan musayar ce ya ƙware a kanta. Amma aro aka ba shi. Da gurɓatacciyar iska ta taru a jini gindin ƙwaƙwalwa zai ƙwace abinsa, ko a tsakiyar kalma ne.

Haka muryar kanta. Jariri yana faɗowa yana kuka ba wanda ya koya masa, wanda aka haifa kurma ma yana kuka yana dariya. Wannan tsohuwar hanya ce, daga cibiyoyin tsoro da murna da zafi zuwa wani curi a tsakiyar ƙwaƙwalwa, daga nan zuwa gindinta inda bagus ke tasowa. Akuya da kare da biri duk suna da ita. Ta biyu ita ce ta koyo. A ɓawon ƙwaƙwalwar mutum, a zirin da ke ba gaɓoɓi umarni, akwai wurin maƙogwaro, kuma daga nan zare ya miƙe kai tsaye zuwa ƙwayoyin da ke motsa leɓɓan murya. A birai saƙon sai ya bi ta hannun ƴan tsakiya, kuma ko shekara nawa biri ya yi a gidan mawaƙi ba zai ɗauki baiti ɗaya ba. Masu koyon sauti irinmu tsiraru ne, daga cikinsu akwai aku da tsuntsaye masu rerawa. Masu kiwon kanari sun san ƙaramin sai an rataye kejinsa kusa da gwani yake yin kuka mai kyau. A kan kanarin ne ma Fernando Nottebohm na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya zana hanyoyin waƙa a ƙwaƙwalwar tsuntsu a 1976.

A 2018 ayarin likita Edward Chang a San Faransisko ya auna wurin maƙogwaron nan na ƙwaƙwalwa a jikin mutum. Masu farfaɗiya ne da aka shimfiɗa wa ƴan wayoyi a kan ƙwaƙwalwa don neman inda ciwon ke tasowa kafin tiyata. Aka sa su maimaita jimla guda suna ɗaga murya a kan kalma daban-daban, aka kuma sa su rera. Wani ɗan wuri a saman zirin nan yana ƙara aiki daidai da haurawar murya, a magana da a waƙa duka, da aka tsikare shi da ƴar wuta kuma maƙogwaro ya motsa.

Ga Bahaushe wannan wuri ba ya hutu. Faɗi kuka na hawaye, sa'an nan kuka ta miya. Baƙaƙe da wasula ɗaya ne, amma a ta farko murya ta tsaya sama, a ta biyu ta faɗo a gaɓar ƙarshe. Wuya na jiki daga sama yake saukowa, wuya ta wahala daga ƙasa take haurawa. Yaro ɗan shekara uku a Mokoyo yini yake yana wannan saiti bai san yana yi ba, shi ya sa ma kalangu ke iya magana mu gane. Mawaƙin Hausa kuwa kaya biyu ya ɗora wa tsoka guda, karin waƙar da karin kalmomin, ga kuma nauyin gaɓa, mai nauyi da marar nauyi, da ma'aunin waƙa ke bi. Galibi gwanaye suna sa karin waƙa ya bi na kalma. Wanda bai iya ba shi ne za ka ji ya rera abu ka tsaya tambaya me ya ce. A ganina rabin abin da ke hana wasu waƙoƙin situdiyo na yanzu zama a kunne ke nan: an ɗauko kari daga wani wuri an cusa masa Hausa, sa'an nan kwamfuta ta miƙe muryar.

Mu koma ga ƴan amshin can. Aika umarni rabin aiki ne, dole labari ya komo, kuma mai kawo shi na farko kunne ne. A ƙarshen shekarun 1990, a ɗakin binciken Charles Larson a Amurka, an riƙa sa wa mutane abin ji a kunne a ce su ja wasali guda, sai na'ura ta ɗan ɗaga sautin da ke komo musu. Nan take muryarsu ke yin ƙasa don ta gyara, in an sauke kuma ta haura. Gyaran yana farawa cikin kashi ɗaya ko biyu cikin goma na sakan, kafin mutum ya farga. Tun 1911 kuma likitan Faransa Étienne Lombard ya lura cewa hayaniya tana sa mutum ɗaga murya ba da niyya ba. Abin da ya sami autar ƴan amshi ke nan.

Mafi sharri shi ne sautin ya komo a makare. An gano tun 1950 cewa in aka jinkirta wa mutum muryarsa da kashi biyu cikin goma na sakan, lafiyayyen mai magana sai ya kama in'ina. Sauti yana cin kimanin mita 340 a sakan, ke nan bango mai nisan mita 34 ya isa ya maido maka da muryarka a daidai wannan mugun lokaci. Duk wanda ya taɓa riƙe makirufo a filin kokowa na Kantu ko a filin idi ya san yadda kalmar baya ke taka ta gaba. Ladan da ke sa yatsu a kunne, al'adar da aka ruwaito tun daga Bilal, yana samun wata fa'ida a nan, don toshe kunne yana rage na waje yana ƙara sautin da ke zuwa ta ƙashin kai. Ta ƙashin nan ne muke jin muryarmu da kauri fiye da yadda mutane ke jinta. Saurari saƙon muryarka a WhatsApp, ka rantse ba kai ba ne.

Sai dai kunne makararre ne. A waƙa mai sauri, kafin labari ya je ya komo gaɓar ta wuce. Don haka gwani ba ya jiran ya ji. Kafin sauti ya fito tsokokin sun riga sun ɗauki saitin da ake so, shi ya sa yake faɗawa kan sautin farko daram, ba lalube. Ƙwaƙwalwa tana riƙe da taswira: saiti kaza da iska kaza suna ba da sauti kaza. Tana aika umarni tana ajiye kwafinsa, ta kwatanta abin da ta zata da abin da ya komo, bambancin ta gyara taswira da shi. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya tana da babban hannu a wannan lissafi da kuma auna lokaci. Giya na saurin taɓa ta, shi ya sa waƙar mashayi ke tangaɗi kamar tafiyarsa.

Mai kawo labari na biyu jiki ne da kansa: tantanin maƙogwaro, tsokoki, da kaɗawar da ake ji a ƙirji da ganɗa da fuska. Boris Kleber da abokan aikinsa sun gwada abin ta fuska biyu. A 2013 sun fesa wa mawaƙa 17 da waɗanda ba mawaƙa ba 12 maganin kashe zafi a leɓɓan murya. Kowa ya kauce, amma kaucewar mawaƙan ba ta kai ta sauran ba. A 2017 kuma sun toshe jin mutane da hayaniya, waɗanda ba su koyi waƙa ba suka kauce, mawaƙan suka tsaya a kan sautinsu. Gwani yana da madogara uku, kunne da jiki da taswirar da ya gina, in ɗaya ta kuɓuce ya jingina da sauran. Ɗan koyo kunne kaɗai gare shi. Abin da zabiya ta ce a nemo cikin wuya ke nan.

Taswirar ba ta samuwa sai da maimaici, kuma tsarinmu na gargajiya ya san haka. Yaro yana shiga ƴan amshi ya yi shekaru yana bin ubangidansa a fada da gidan biki da filin kokowa kafin a bar shi ya ja baiti. Almajiri ana mayar da shi kan madda guda har ta zauna. Taswira kuma tana tsufa. Yaro mai zaƙin murya in ya balaga, leɓɓansa suna ƙara tsawo da kauri cikin ɗan lokaci, yawan kaɗawar ya faɗo kusan rabi, ƙwaƙwalwa kuma tana aika tsohon umarni ga sabon kaya. Fashewar muryar samari ke nan. Sake zane ake yi, amma da yawa a nan dariyar abokai ke sa su bari har abada.

To baiwa fa? Akwai ta. Girman maƙogwaro da faɗin baki da maƙoshi su ke ba kowace murya amonta, ba a kuma saye su a kasuwa. Akwai ma waɗanda aka haifa ƙwaƙwalwarsu ba ta rarrabe hawa da saukar sauti sosai. Binciken Isabelle Peretz ta Jami'ar Montreal a kan mutum 20,000, a 2017, ya sa su kashi 1.5 cikin 100. Masu cewa "ni ba ni da murya" kuwa sun ninka haka nesa ba kusa ba. A wani gwajin ɗakin bincikenta an ba waɗanda ba su koyi kiɗa ba wata na'ura da ake zamar da yatsa a kanta a nemo sauti. Da yatsa suna kama shi daidai, da murya su kauce. Kunne lafiya, maƙogwaro lafiya, taswirar da ke tsakaninsu ce ba a zana ba.

Akwai ranar da duk tsarin ke rikicewa ba ciwo. Mawaƙi ya tsaya gaban sarki, ko yaro gaban alƙalan musabaƙa, sai baki ya bushe, zuciya ta kama lugude, numfashi ya koma saman ƙirji, tsokokin wuya su ɗaure. Jijiyoyin ko-ta-kwana ne suka tashi, su kuwa ba su san bambancin taron jama'a da kura ba. Tsakanin mawaƙa in haka ta faru, ko murya ta ɗauke ana gobe wasa, abin da aka fi saurin cewa shi ne abokin hamayya ya ɗaure ta. Ba zan shiga gardamar abin da ke zuciyar abokan hamayya ba. Likita dai cewa yake a yi tari. In tari ya fito da ƙara, leɓɓan suna haɗuwa ke nan, jijiya tana aiki, kuma irin ɗaukewar da damuwa ko firgita ke kawowa takan saki a hannun mai gyaran murya. Akwai wani ciwon kuma na ƙwaƙwalwa da ke sa leɓɓan su riƙa shaƙewa a tsakiyar magana, amma mai shi ya yi dariya ko kuka sumul, wani ma har ya rera waƙa. Wanda bai san hanyoyin murya a ƙwaƙwalwa biyu ne ba, dole ya ce da hannu a ciki.

Ni kaina sai da na gani a gida. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, hawan jini ya buge shi, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Yana gane abin da ake faɗa, amma in ya buɗe baki ba abin da ke fita sai "to, to". Ruwa ma da hannu yake nunawa, in ba a gane ba ya yi ta hawaye. Wata rana bayan la'asar jikokinsa suka taso daga islamiyya suna rera wata ƙasidar yabon Annabi a tsakar gida, sai muka ji murya mai kauri ta bi su daga kan tabarma. Baiti guda cur, kalma bayan kalma, ba tuntuɓe. Matarsa ta saki ludayi ta rugo: "Malam, ashe bakin ya buɗe? Mi kake so in kawo maka?" Ya dube ta, ya yi ta ƙoƙari, ya ce, "To, to."

Majinyacin da Paul Broca ya bayyana a Paris a 1861 shi ma gaɓa guda ta rage masa, "tan", kuma da ya mutu aka sami ɓarnar a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Ga yawancin mutane can ake tsara magana, kuma da yake jijiyoyin ƙetarawa suke, ɓarin hagu ke riƙe da jikin dama; shi ya sa shanyewar dama ke yawan tafiya da baki. Waƙa kuwa ɓarin biyu ke ɗaukarta, na dama da kaso mai tsoka wajen kari, kalmomin da aka haddace tun yarinta kuma ba sa bin hanyar waɗanda ake ƙullawa nan take. Masu in'ina da yawa ma in suna rerawa ba sa sarƙewa. A 1973 wasu masana a Boston suka mayar da wannan magani: a ɗauki gajeruwar jimla ta yau da kullum, a rera ta a kan sauti biyu, sama da ƙasa, ana buga hannun hagun majinyaci gaɓa-gaɓa, a hankali a janye karin a bar maganar. Har yau ana gardama ko karin ne ke aikin, ko bugun, ko maimaicin.

Mu dai ba mu jira su gama ba. Wata ƴar'uwarmu ma'aikaciyar lafiya ta nuna mana yadda ake yi, autar jikokin ta karɓi aikin. Kullum da safe ta zauna gabansa, ta riƙe hannunsa na hagu tana bugawa a gwiwarsa, tana rera "i-na son ru-wa", shi yana bi. Hausa ta sauƙaƙa musu, don sama da ƙasan suna cikin kalmomin tun asali. An fi wata biyu ana haka. Magana ba ta komo masa duka ba har ya rasu, amma ruwa da fura da bakinsa yake nemansu, matarsa kuma da sunanta yake kiranta.